Yadda ake tsabtace gidan haya ko jerin shaguna bayan ambaliya, mataki bayan mataki

Duk damina tambayar nan sai ta dawo mini: ruwa ya janye, ta ina za mu fara? Masu tambayar yawanci mutanen gidan haya ne, ko wakilin mai gida, ko 'yan kasuwar da shagunansu ke jere a gini ɗaya. Ni ma wakilin mai gida ne. Gidan da nake kula da shi a Maiduguri yana da ɗaki 14, da shago 4 a gaba, da rijiya da sokawe, kuma ruwan da ya biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a ranar 10 ga Satumba 2024 ya kai mana har ƙasan taga. Abin da zan jero nan shi ne tsarin da muka bi, haɗe da wuraren da muka yi kuskure muka sake aiki. Jerin matakan shi ne jigon maganar. Wanda ya fara da mataki na shida kafin na huɗu zai yi aikin baban giwa.

1. A zauna kafin a ɗauki shebur

Gidan mutum ɗaya mai shi ne ke yanke shawara. Gidan haya kuwa kowa na da ɗakinsa da ra'ayinsa, amma tsakar gida ɗaya ce, masai ɗaya, rariya ɗaya. Saboda haka a tara kowa, ko da a bakin titi ne, a tsayar da abu uku. Na farko, mutum ɗaya da za a ji maganarsa. Na biyu, mai riƙe kuɗi da littafi, kuma kada ya zama shi ne na farkon. Na uku, wa zai biya me.

Rabon da muka yi, wanda na ga ya kashe rigima, shi ne: mai gida ya ɗauki duk abin da ya shafi jikin gini, wato bango, wayar wuta, rijiya, sokawe da fenti. 'Yan haya su yi karo-karo don kwashe laka da wanke wuraren da kowa ke amfani da su. Cikin ɗaki kuma kowa da nasa. Masu shago sun biya kaso biyu-biyu, don sharar da ta fito daga wajensu ta fi ta kowa. A rubuta wannan a takarda, a samu mai unguwa ko wani dattijo ya shaida. Idan mai gida ba ya kusa har 'yan haya suka kashe kuɗinsu a kan gini, a rubuta tun yanzu cewa za a cire daga kuɗin haya.

Gargaɗi: kafin a taɓa komai, a ɗauki hoto da bidiyo na kowane ɗaki da kowane shago, a nuna layin da ruwa ya bari a bango. Da zarar an wanke, shaida ta tafi. Da hotunan za a je wajen hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA, ko ta ƙasa, NEMA, idan ana rajistar tallafi, su ne kuma za a nuna wa kamfanin inshora ko dilan da ya ba ɗan kasuwa kaya bashi.

2. A kashe wuta tun daga waje

Kada kowa ya ce ai babu wutar NEPA tun da aka yi ruwan. Ana iya dawo da ita ba sanarwa, ga mutane tsaye cikin ruwa. A kira mai gyaran wuta ya zare katawut ko ya kashe babban makunni. Idan wurin mitar kansa yana cikin ruwa, kada a kusance shi, a sanar da ofishin kamfanin wuta na yankin su cire layin daga turke.

A gidan haya wuta ba ta hanya ɗaya take shigowa ba. Akwai mai janareta, akwai mai sola da inbata, akwai wanda ya jawo waya daga maƙwabta. A bi su ɗaya bayan ɗaya. Faifan sola yana ba da wuta muddin akwai rana, ko da an kashe komai a ƙasa, don haka wanda ya haɗa shi ne ya kamata ya raba wayarsa. Batirin da ya sha ruwa, musamman na litiyam, a fitar da shi fili, nesa da ɗaki da duk abin da zai iya kamawa, domin yana iya tashi da wuta bayan kwanaki.

A rufe tukwanen gas a fitar da su waje. Shiga ta farko da tocila za a yi ta, ban da ashana, ban da kyandir, ban da sigari.

3. A duba ginin

A zagaya ta waje tukuna, tare da magini da ya san aikinsa, bene kuwa sai injiniya. Abin da ake nema: sabuwar tsaga, musamman wadda ta tafi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, katangar da ta sunkuya, wurin da ruwa ya zaizaye ƙasa a gindin bango, ƙofar da a da take rufuwa yanzu ta ƙi, daɓen da ya lotsa ko yake amo kamar ganga idan an taka. A kan kowace tsaga a ja layi da fensir a ƙarshenta, a rubuta kwanan wata. Idan bayan kwana biyu ko uku ta wuce layin, ginin yana motsi, kada kowa ya kwana a ɓangaren.

Ginin ƙasa sha'aninsa daban ne. Yakan tsaya cik lokacin ruwan, sai bayan ruwa ya janye, gindinsa ya jiƙe ya yi laushi, ya zube ba ko gyaran murya. Wanda aka yi wa shafen siminti ya fi yaudara, don daga waje lafiya lau yake. A soka ƙarfe a gindin bangon. Idan ya shige kamar a tuwo, a tokare bangon da rufin da katako ko azara, a hana shiga.

Gargaɗi: a ɗaga kai a duba silin. Wanda ya yi ciki ruwa ne a kwance a kansa. A huda shi daga gefe da dogon sanda, mutum yana tsaye a bakin ƙofa. Sannan a tuna ba mutane kaɗai ruwa ya kora ba. A Maiduguri har hukumar gidan zu ta yi shelar cewa ruwa ya kwashi kadoji da macizai zuwa cikin unguwanni, amma ko ba gidan zu a garinku, maciji da kunama suna neman tudu. Mu a cikin naɗaɗɗiyar tabarma da ke kan durowa muka samu namu, yaron da ya miƙa hannu zai sauko da ita Allah ne ya kiyaye, dattijon gidan ya ce masa, “Kai yaro, taɓa da sanda tukuna.” Duk abin da za a ɗaga, a fara bugunsa da sanda.

4. Kayan aiki da masu aiki

Ruwan ambaliya a gari ruwan masai ne da na kwata da mushe a gauraye, ko da ya yi kama da ruwan kogi. Duk mai shiga yana bukatar dogon takalmin roba, safar hannu ta roba mai kauri, da takunkumi. Silifas ba ya hana ƙusa ko fasasshiyar kwalba. Mai ciwo a ƙafa ko hannu kada ya shiga, haka yara, masu juna biyu da masu asma. Wanda ƙarfe ya yanka ya wanke da sabulu nan take, ya je a yi masa allurar tetanus a ranar.

Kayan da suka ishe mu: shebur 6 masu faɗin baki, baro 2, kwanon sarki 4, tsintsiyar kwakwa da yawa don tana saurin cinyewa, buroshi mai dogon hannu, bokitai da jarkokin roba, tiyo, buhunan zuba shara, omo, da Hypo ko Jik, wato kulorin na ruwa mai kashe ƙwayoyin cuta. A Nijar ruwan jabel ne. Shebur da baro aro muka yi wajen magina. A ajiye bokiti da sabulu a bakin zaure, kowa ya wanke hannu kafin ya ci wani abu, kuma kada a ci abinci a cikin gidan.

5. Fitar da ruwan da ya rage

A fara da waje. Idan kwatar titi a toshe take, duk abin da aka turo daga gida zai dawo. A haɗa kai da maƙwabta a buɗe ta har zuwa kwalbati, sannan a buɗe rariyar gida.

Ruwan da ya kwanta a tsakar gida sai inji. Injin ban ruwa na 'yan fadama, mai inci 2 ko inci 3, shi ya fi sauƙin samu haya. Ga yadda za a ƙiyasta aikin: a auna tsawo da faɗi da zurfin ruwan a mita, a ninka su, kowace mita ɗaya ta sakamakon lita 1,000 ce. Tsakar gida mai mita 15 da mita 10, ruwa ya kai santimita 30, lita 45,000 ke nan. Mai inci 3 zai janye wannan cikin awa biyu ko ƙasa da haka idan ba ya toshewa, yana shan fetur wajen lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa. Don kada ya toshe, a saka bakin tiyon cikin kwando ko bokitin da aka huhhuda.

Gargaɗi: inji da janareta a fili za su zauna, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Hayaƙinsu yana da iskar da ba ta da wari, tana kashe mutum a rufaffen wuri kafin ya gane abin da ke faruwa. Zaure ma rufaffen wuri ne.

Gargaɗi na biyu, ga masu sito ko tankin ruwa a ƙarƙashin ƙasa: kada a janye ruwansa gaba ɗaya rana ɗaya. Ƙasar da ke kewaye a jiƙe take, tana danno bangon, ruwan ciki ne ke tare ta. A riƙa cire kashi ɗaya cikin uku a kowace rana.

6. Laka: a kwashe ta tana ɗanya

Nan ne aikin yake, nan kuma ake cin riba ko asara. Lakar ambaliya tana ɗanya shebur ke ɗebe ta kamar kunu. Ta kwana uku a rana ta zama kamar siminti, sai an sa diga, kuma ƙurarta ita ce za a yi ta shaƙa har wata guda. Idan leburori za a ɗauka, ranar farko da ta biyu ne ya kamata a zuba su da yawa. Mun ɗauki shida na kwana uku, kuma da mun ɗauki goma na kwana biyu da ya fi mana sauƙi. A yi jinga da su a kan ɗaki ko a kan tsakar gida baki ɗaya. Biyan yini yana sa aiki ya yi ta ja.

Tsarin shi ne daga sama zuwa ƙasa, daga ƙurya zuwa ƙofa. A bene a fara da hawan da ruwa ya kai mafi tsawo, a biyo matakala. A gidan ƙasa a fara da ɗakunan ƙurya, a turo zuwa tsakar gida, daga nan zuwa zaure. Amma kafin wannan duka, a fara share hanya mai faɗin baro daga zaure zuwa ƙuryar gida.

Kuma kada kowa ya yi wankin ƙarshe na ɗakinsa sai an gama kwashe lakar tsakar gida. Akwai wata baiwar Allah a gidanmu, ɗakinta na kusa da zaure. Tun ranar farko ta wanke shi tas, ta goge, ta shimfiɗa leda. Washegari da aka turo lakar ɗakunan ƙurya, ta bi ta ƙarƙashin ƙofarta ta koma ciki. Ta sake wankewa. Rana ta uku aka kora tsakar gida da tiyo, ya sake shiga. Ta fito ta tsaya riƙe da tsintsiya ta ce mini, “Malam, don Allah ku faɗa mini ranar da za ku gama, in daina wahalar da kaina.” Laifina ne, ban faɗa wa kowa tsarin ba tun farko.

Kada a zuba lakar a kwata, ruwan sama na gaba zai dawo muku da ita. A tara ta wuri ɗaya nesa da rijiya, a nemi motar kwashe shara, BOSEPA a Borno, REMASAB a Kano, ko a yi hayar tifa tare da maƙwabta. Mushen dabba a binne shi da zurfi, aƙalla mita 30 daga kowace rijiya.

7. Tantance kaya

A fitar da komai waje a kasa uku: na zubarwa, na wankewa, da na jiran mai gyara.

Na zubarwa babu ciniki: duk abincin da ruwan ya taɓa, shinkafa, gari, sukari, wake, taliya, man da ke jarkar da ruwa ya rufe, ruwan leda, lemon kwalba da ruwa ya haura murfinsa. Shanya hatsi a rana yana busar da shi ne kawai, abin da ya shiga cikinsa yana nan. Magani ma haka, ko yana cikin kwalinsa. Bayan ambaliyar 2024 sai da NAFDAC ta rufe kasuwar magani ta Gamboru saboda magungunan da ruwa ya lalata ana wankewa ana shanyawa don a sayar. Mai kemis ko mai kayan masarufi a gininku, a tsaya a kansa ya lalata kayan, a yayyaga buhu a zuba masa laka, don idan aka ajiye shi a bola yadda yake, kafin magariba wani ya ɗauke.

Gwangwanin da bai lotsa ba, bai kumbura ba, bai yi tsatsa ba, ana iya ceto shi: a cire takardar jiki, a wanke da omo, a jiƙa a ruwan kulorin minti 15, a rubuta sunan abin da ke ciki.

Katifa da filo da kujerun kushin da kafet, gaskiyar magana zubarwa ce ta dace da su, domin soso yana shanye ƙazanta har cikinsa. Na san ba kowa ke da halin sabuwar katifa ba a irin wannan lokaci. Wanda dole ta sa zai riƙe tasa, ya cire rigar, ya tattaka soson cikin ruwan omo, ya ɗauraye sau da yawa, ya jiƙa da ruwan kulorin, ya shanya a kan kwano ko katanga kwana biyar zuwa bakwai yana juyawa. Idan bayan haka tana wari, ta tafi. Jariri da mara lafiya kada a kwantar da su a kanta ko da ta daina.

Kayan katako na gaske suna tashi, a wanke a shanya a inuwa, don rana tana sa su tsage. Durowa da gado na garin katako da aka matse, irin na kayan ɗakin amare, da sun sha ruwa sun kumbura shi ke nan. Tufafi da atamfa da shadda a wanke da ruwan zafi da omo, a shanya a rana, a goge. Ɗan kasuwar da zai sayar da irinsu ya faɗa wa mai saye, ya rage kuɗi.

Takardun gida, na makaranta, da rasit: a ɗauraye lakar a hankali da ruwa mai kyau, a shimfiɗa ɗaya-ɗaya a inuwa inda iska ke kaɗawa. Waɗanda suka manne kada a ɓamɓare su da ƙarfi, a bari su sha iska tukuna. Alƙur'ani da littattafan addini da suka lalace a ware su daban, a tambayi malamin unguwa yadda za a yi da su, kada su bi baron shara.

Firji, talabijin, injin niƙa, keken ɗinki mai wuta, famfon tura ruwa sama: kada a jona ko ɗaya don a gwada. Gwajin ne ke ƙona su. Haka babur da mota, kada a tayar sai bakanike ya juye mai ya duba.

8. Wanki, sannan kulorin

Kuskuren da na fi gani shi ne a zo da Hypo a kwarara a kan laka. Kulorin yana mutuwa da ya haɗu da datti, an yi asarar kuɗi kawai. Wanki biyu ne. Na farko omo da buroshi, a goge bango har a wuce layin ruwa da kamu biyu, a goge daɓe, a ɗauraye. Na biyu shi ne na kashe ƙwayoyin cuta.

A duba jikin robar. Hypo da Jik da aka saba gani ƙarfinsu kashi 3.5 cikin ɗari ne. Ga haɗin:

Na daɓe, bango, ƙofofi da banɗaki: lita 1 a cikin ruwa lita 16.

Na wurin da baƙin fumfuna ya fito: lita 1 a cikin ruwa lita 6.

Idan garin kulorin aka samu, mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70, wanda ya fi araha ga babban gini: cokalin cin abinci 2 a shafe a cikin ruwa lita 10, daidai yake da haɗin farko.

A jiƙa wurin sosai, a bar shi aƙalla minti 10 kafin a ɗauraye. A haɗa a robar da ba ƙarfe ba, kuma na yini ɗaya kawai, don wanda ya kwana ya rage ƙarfi. Haɗi ɗaya na lita 17 ya ishe mu ɗaki biyu.

Gargaɗi: kada a gauraya kulorin da komai sai ruwa. Haɗa shi da asid ɗin wanke tayil ko maganin wanke masai yana tayar da iska mai guba da ke ƙona huhu. Masu cewa a haɗa uku don ya fi ƙarfi, a hana su. A buɗe ƙofa da taga duk lokacin aikin.

9. Masai, sokawe da rijiya

Wannan ne matakin da ke raba gidan da aka zauna lafiya da gidan da aka yi ta jigila asibiti. Makonni kaɗan bayan ruwan Maiduguri gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara, kuma ta ruwan sha da ƙazantar masai take bi.

Masan da ya tumbatsa a kange shi, a zuba farar ƙasa ko toka mai yawa a inda ya malala, a rufe da ƙasa. A duba murfinsa, don ramin yakan zaizaye ta ƙasa ya rufta da mutum. Sokawe kada a kira motar kwasa sai ƙasa ta tsane, saboda dalilin da na faɗa a mataki na biyar.

Rijiyar da ruwan ambaliya ya shiga an daina shanta daga ranar. A janye ruwanta, a kwashe lakar gindi, a goge bangon, a gyara baki da murfi, a bari ta sake kawo ruwa. Sannan a auna: rijiya mai faɗin mita ɗaya tana da kusan lita 800 a kowace mita ta zurfin ruwa. Kowace lita 1,000 a zuba mata garin kulorin giram 80 da aka narkar a bokiti, ko Hypo lita ɗaya da rabi. A rufe ta kwana ɗaya cur, a janye ruwan har warin ya tafi. Tankin sama da na ƙasa ma wannan awon ne, kuma a buɗe kowane famfo har ruwan kulorin ya fito, don bututun su samu rabonsu.

Gargaɗi: kada a zura injin fetur cikin rijiya, kada kuma kowa ya shiga rijiya ko sokawe bayan inji ya yi aiki a bakinta. Mai shiga yasa sai ma'aikacin rijiya, da igiya a ƙugunsa da mutum biyu a sama. Idan ya faɗi a ciki, da igiyar za a jawo shi, wanda ya bi shi don ceto yakan zama gawa ta biyu.

Ko bayan an wanke rijiya, ruwan ƙasan unguwar duka ya gurɓata. A ci gaba da tafasa na sha, ya yi minti ɗaya yana tafarfasa, ko a saka ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs yadda aka rubuta a jikin takardar a jira minti 30. Alimun yana kwantar da datti ruwa ya yi garau, amma ba ya kashe komai.

10. Busarwa

Fumfuna yana fara fitowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu a wuri mai laima, don haka busarwa tun ranar farko take farawa. A buɗe duk ƙofa da taga da rana. A janye komai daga jikin bango. A ɗaga ledar ƙasa da kafet gaba ɗaya, a ƙarƙashinsu ruwa ke ɓuya. Silin na kwali ko na POP da ya jiƙe a sauke shi. Shagunan da aka yi wa bango da filawud, a ɓalle na ƙasa har sama da layin ruwa. Fanka tana taimakawa ƙwarai, a jona ta kai tsaye daga janaretan da ke waje da wayar da ba ta taɓa ruwa ba.

Kada a kunna gawayi a rufe ɗaki don ya bushe. Gubarsa ɗaya ce da ta janareta.

11. Dawo da wuta

Mai gyaran wuta ya buɗe kowane soket da makunni da ruwa ya kai. Zai tarar da laka a ciki, bututun waya kuma cike da ruwa ko da bango ya bushe. Soket da makunni da burekan da suka nutse canza su ake yi, ba su da tsadar da za a yi kasada da su. Ya gwada wayoyin da na'urar da suke kira mega, sannan ya saki wuta layi ɗaya-ɗaya, yana tsaye. A gidan haya a hana kowa jona ɗakinsa da kansa kafin wannan.

12. Fenti, da lissafin kuɗi

Nan na yi asarar da ta fi ba ni haushi. Mai gida yana son shagunan su koma haya, na sa aka yi fenti mai mai bayan mako uku. Kafin wata biyu ya kumbura ya ɓaɓɓare kamar fatar maciji, wani farin gishiri ya fito daga gindin bango. Bulo yana riƙe ruwa wata da watanni. Gwajin mai sauƙi ne: a manna farar leda mai faɗin kamu biyu a bango, a like gefunanta huɗu da salatif, a bar ta kwana ɗaya. Idan ta yi gumi ta ciki, bango bai shirya ba. Gara a jira iskar hunturu ta yi aikinta. Gishirin a kankare shi da busasshen buroshi, wanke shi da ruwa yana mayar da shi ciki ne. Wanda ya matsu ya shafa farar ƙasa, tana barin bango ya yi numfashi, in ya so daga baya a yi fenti mai ruwa.

Game da kuɗi, ga yadda littafinmu ya nuna, daga mafi tsada zuwa ƙasa: gyaran wuta, sai leburori da tifar kwashe laka, sai ruwan wanki, sai hayar inji da fetur, wanda a lokacin litarsa ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa, sai yasar rijiya. Omo da kulorin, waɗanda kowa ya fi damuwa da su, su ne mafi ƙanƙanta. Ruwan wankin ne ya ba mu mamaki. Rijiya ta gurɓata, famfo babu, kurar 'yan ga-ruwa ta yi tsada, kuma wanke ɗaki 14 da shago 4 sau biyu ruwa yake ci ba kaɗan ba. Sai a rana ta uku muka gane cewa korar farko ta laka ana iya yinta da ruwan rijiyar da ake janyewa, tunda zubar da shi za a yi, a bar ruwan saye don wankin omo da haɗin kulorin. Tankar ruwa ɗaya da muka raba da gidan da ke kallonmu ta fi mana kura ashirin sauƙi. A ware kuma kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka tara, kada a taɓa shi sai an dawo da wuta, domin a ranar ne ake gano abin da ya mutu.